Gulma Ta Ƙasar Kabi: Kasuwa, Fadama Da Gadon Da Ke Hannun Mata

A wannan wata filinmu zai leƙa yammacin ƙasar Hausa, mu ziyarci wani gari wanda da yawa daga cikinmu in sun ji sunansa sai sun yi murmushi, wato Gulma. To, a kwantar da hankali, wannan Gulmar ba irin wadda malamai ke ja mana kunne a kanta ba ce. Tsohon gari ne na Kabawa a ƙaramar hukumar Argungu ta Jihar Kebbi, yana kudu maso yamma da garin Argungu, a gefen babbar fadamar nan da ta miƙe har Birnin Kebbi.

Dalilin da ya sa muka zaɓi wannan gari shi ne, kusan kowacce daga cikinmu tana da irinsa a bayanta. Ko kina zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja, in aka bi salsala za a tarar akwai wani ƙaramin gari mai kasuwar mako inda aka binne cibiyar kakarki. Irin waɗannan garuruwa su ke ciyar da birane, su ne kuma ke riƙe da tarihi da sana'o'in da muka gada. Abin tambaya shi ne, nawa daga cikin wannan gado zai kai ga jikokinmu?

Tushen Kabawa

Ba za a fahimci Gulma ba sai an san ƙasar Kabi. Tarihi ya nuna cewa a farkon ƙarni na 16, wajen shekarar 1516, wani jarumi mai suna Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na daular Songhai, ya kafa daularsa. Ya gina babban birninsa a Surame, wanda har yau kufansa da ragowar ganuwarsa ta duwatsu suna nan a cikin Jihar Sakkwato. Bayan zamani mai tsawo, wajen shekarar 1700, sarakunan Kabi suka koma Birnin Kebbi da zama.

A shekarar 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, rundunar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta ta ci Birnin Kebbi. Wani ɓangare na gidan sarautar Kabi bai miƙa wuya ba. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya yi zamansa a Argungu yana fafatawa har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, daga baya a 1849 ya dawo ya sake ɗaga tutar Kabi a Argungu, tare da goyon bayan Arawa da Zabarmawa da mutanen Dendi.

Daga nan aka shiga shekaru masu yawa na zaman ɗar-ɗar tsakanin Argungu a gefe guda, da Gwandu da Sakkwato a ɗaya gefen. A wannan zamani ne garuruwan Kabawa na bakin fadama, irin su Augie da Zazzagawa da Sauwa da Gulma, suka zama garkuwar Argungu. An ɗan samu sararawa a zamanin Sarki Abdullahi Toga, lokacin da aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga daga 1867 zuwa 1875, sannan yaƙi ya sake dawowa, ya kuma ci gaba har zamanin Sarki Sama, wanda ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915.

Idan ana ba da irin wannan tarihi, sunayen sarakuna da mayaƙa kawai ake ji. Amma uwargida ta yi tunani: garin da ke cikin ganuwa, maza suna bakin daga, wa ke daka, wa ke ɗebo ruwa, wa ke adana iri don shuka ta baɗi, wa ke renon marayu? Littattafan tarihi ba su rubuta sunayen waɗannan mata ba, sai dai abin da ya rage a bakin tsofaffi.

Fadama ita ce uwa

Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sai su gangaro tare ta Argungu da Birnin Kebbi, su je su faɗa Kwara. Mutanen yankin Gulbin Kabi suke ce masa. Duk shekara wajen watan Agusta da Satumba ruwa yakan cika ya malale fadama, idan ya janye sai ya bar laka mai albarka da tafkuna cike da kifi. A kan wannan cika da janyewa rayuwar Gulma da maƙwabtanta ta ginu: akwai lokacin shuka, akwai lokacin yankan shinkafa, akwai lokacin su, akwai kuma lokacin da Fulani ke sauko da shanu su yi kiwo a fadama.

Noman shinkafa a nan ya daɗe ƙwarai. Tun kafin a kawo farar shinkafar Asiya, mutanen wannan kwari suna noma jar shinkafa ta asalin Afirka ta Yamma, wadda wani irinta yake tsawo yana bin ruwa yayin da yake ƙaruwa. Baturen nan matafiyi ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853 a hanyarsa ta zuwa Tambutu, ya kuma tarar da ƙasar tana noman shinkafa.

A zamaninmu abubuwa sun sauya. Tun daga shekarun 1990, da shirin Fadama ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa, noman rani ya bunƙasa, har manomi ya iya yin shinkafa sau biyu a shekara. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi, a ƙarshen 2016 kuma jihohin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice. A 2017 aka buɗe babban kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a garin Argungu, ga kuma na Labana a Birnin Kebbi. Sunan Kebbi ya zagaye ƙasa a matsayin gidan shinkafa.

Sana'ar gumi

A nan ne hannun mata ya fi fitowa fili. Namiji ne ke noma, amma kafin shinkafa ta zama abin da za a zuba a tukunya, bisa al'ada ta hannun mace take bi. Mace takan sayi shinkafa shanshera, wato wadda ba a cire wa ɓuntu ba, ko ta karɓi aikin wani. Sai ta wanke ta, ta kwashe wadda ta taso saman ruwa domin ba ta da ƙwaya, ta jiƙa ta a ruwan ɗumi ta kwana. Washegari ta turara ta a babbar tukunya ko rabin ganga har bakin ɓuntun ya fara tsagewa. Daga nan sai shanya, a baza a kan tabarma ko leda ana juyawa, ana korar kaji da awaki. Idan ta bushe sai a kai inji, a da kuwa turmi ne da taɓarya. Bayan nan ga bakace, ga tsintar tsakuwa.

Duk wadda ta taɓa yi ta san akwai ilmi a ciki. In turarin ya yi yawa shinkafa ta yi duhu, in bai isa ba ta kakkarye a inji. In aka bar ta ta ƙone a rana ma karyewa take yi, shi ya sa gwanaye ke ƙarasa shanyar a inuwa. Masana abinci sun tabbatar da cewa wannan turari yana tura wasu sinadarai masu amfani daga jikin dusa zuwa cikin ƙwayar, don haka shinkafar gumi ta fi wadda aka goge ɗanya gina jiki. Kakanninmu ba su shiga aji ba, amma sun gano wannan hanya sun riƙe ta.

Da kuɗin gumi mata da yawa a wannan yanki suke zubin adashi, suke sayen akuya ko tunkiya, suke tara kayan ɗakin 'ya'yansu, suke kuma rufa wa maigida asiri idan rumbu ya yi ƙasa. Mace tana cikin gidanta, a mutunce, amma tana juya jari.

Kifi da bikin Argungu

Abu na biyu da aka san Kabawa da shi shi ne su. Sarkawa, masuntan da suka bazu a bakin Kwara har Yawuri da gaba, suna danganta asalinsu da Kabi. A gulbi da tafkunan fadama ana kama tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da gaiwa, ga kuma uban tafiyar, giwan ruwa. Kayan aikin da aka gada sun haɗa da homa da gora da taru da ƙugiya. Idan masunta sun fito da kifi, wanda ba a sayar ɗanye ba sai a yi bandarsa ko a soya, kuma a nan ma mata ba a bar su a baya ba.

Bikin kamun kifi na Argungu da duniya ta sani ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu. Wannan ziyara ita ta rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi, aka kuma shirya masa gagarumin su don girmamawa. Wato asalin bikin sulhu ne tsakanin 'yan'uwa Musulmi, abin da ya kamata mu riƙa faɗa wa yaranmu idan sun ga hotunan a talabijin. A 1970 Janar Yakubu Gowon da shugaban Nijar Diori Hamani sun halarta, daga nan bikin ya ƙara suna. A ranar babban su, dubban masunta kan yi layi a bakin Matan Fada riƙe da homa da gora, da an ba da alama su ruga cikin ruwa. A 2005 an kama kifi mai nauyin kilo 75. Akwai kuma wasannin Kabanci, irin su tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ya yi kimanin shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020.

Wani darasi da ke cikin wannan al'ada shi ne, Sarkin Ruwa yana da ikon hana su a wurin da aka keɓe har sai lokaci ya yi. Wannan hani shi ke ba kifi damar hayayyafa da girma. Tun kafin a zo da dokokin gwamnati na kare muhalli, mutanenmu suna da nasu tsarin.

Ranar kasuwa

Kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, kasuwannin wannan yanki ci suke yi mako-mako, kowane gari da ranarsa, ta yadda ɗan kasuwa zai iya zagaya su. Ranar da kasuwa ke ci, ƙaramin gari yakan zama birni na yini guda. Manomi ya kawo shinkafa da gero da albasa, masunci ya kawo banda, Bafulatana ta kawo nono da man shanu, ga masu tukwane, ga masu tabarmi da faifan kaba, ga mahauta, ga masu hoce da masa. Za ki ji Kabanci, Hausar yamma mai cewa "shina zuwa" da "ɗiyana", za ki ji Zabarmanci da Fulatanci, domin iyakar Nijar ba nisa.

Matan aure galibi ba sa zuwa da kansu, amma kayansu suna can. Tsofaffi da dillalai su ke kai musu, su dawo da ciniki da kuma labari. A kasuwa ake jin wanda ya rasu a ƙauyen gaba, da wadda ta haihu, da farashin taki, da inda ake neman aure. Daga irin waɗannan ƙananan kasuwanni kaya ke tafiya manyan kasuwanni kamar Jega da Kamba da Sakkwato. Wannan ne ya sa duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga 2019 zuwa 2020, da kuma a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai an ji a jikin kowane gida, domin ciniki da zumunci duk suna tsallaka iyakar.

Abin da ke barazana ga wannan gado

Na farko shi ne ruwan kansa. Tun da aka gina madatsar Bakolori a ƙarshen shekarun 1970, da ta Goronyo a shekarun 1980, cikar gulbi ba ta bin tsarin da tsofaffi suka sani. Wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, kifi ya ragu, wata shekara kuma ya zo da ƙarfi ya share komai. Ambaliyar 2010 da ta 2020 sun cinye gonaki masu ɗimbin yawa a wannan kwari, suka rushe gidaje, suka bar manoma da bashi. Idan gona ta nutse, jarin mai gumi ma ya nutse, domin shanshera takan yi tsada ta gagari ƙaramar 'yar kasuwa. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuma kuɗin ban-ruwa ya ƙaru.

Na biyu, manyan kamfanoni. Babu shakka sun kawo aikin yi da kasuwa ga manoma. Amma kamfani yana sayen shanshera tirela-tirela, yana fitar da shinkafa fes babu tsakuwa, a cikin buhu mai tambari. Macen da ke turara buhu ɗaya ko biyu a mako ba za ta iya gogayya da shi ita kaɗai ba. Inda mata suka haɗa kai suka yi ƙungiya, suka samu tukunyar turari ta zamani da injin cire tsakuwa, sukan riƙe kasuwarsu. Inda kowacce ke ta kanta kuwa, sana'ar tana zamewa a hankali.

Na uku, lafiyar yara. Zama kusa da ruwa yana da nasa wahalar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna Jihar Kebbi ce kan gaba wajen zazzaɓin cizon sauro a tsakanin ƙananan yara, inda aka samu cutar a jinin kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Ga kuma tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a tafki. Fitsarin jini ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, ciwo ne mai magani a asibiti.

Na huɗu, wanda ya fi shafar mu duka, shi ne mantuwa. Samari suna tafiya birni ci-rani, wasu ba sa dawowa. 'Yan mata suna aure a nesa. Yaron da aka haifa a birni ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf, amma bai san sunan kakan babansa ba. Duk tsohuwar da ta rasu a irin waɗannan garuruwa takan tafi da abin da babu shi a kowane littafi: sunayen tafkuna, irin shinkafar da aka daina shukawa, yadda aka yi wata yunwa, dangantakar wannan gida da wancan.

Yadda wasu ke adana nasu

A Ingila akwai ƙananan garuruwa masu kasuwar mako, waɗanda wasunsu sun samu takardar izinin cin kasuwa daga sarki shekaru ɗari bakwai ko fiye da suka wuce, kuma har yau kasuwar tana ci a dandalin tsakiyar gari. Manyan kantuna sun rage musu ciniki kamar yadda kamfanoni ke yi wa namu. Abin da suka yi fice a kai shi ne rubutu da adanawa. Tun ƙarni na 16 suke rubuta auratayya da binne mamata da sunayen jarirai a rajistar majami'unsu, kuma garuruwa da dama suna da ƙaramin gidan tarihi da ƙungiyar 'yan sa-kai, yawanci dattawa maza da mata, masu tattara tsofaffin hotuna da labarai.

Mu ma muna da abin nunawa. A Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta, wanda shi ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura, a nan kuma makwancin sarakuna yake. Sai dai gida guda a Argungu ba zai ɗauki tarihin Gulma da Sauwa da Lailaba da Alwasa da sauran garuruwa ba, balle tarihin ɗakin tsohuwa.

Abin da uwargida za ta iya yi

Wannan aiki bai buƙatar kwamiti ko kuɗin gwamnati. Idan kina da tsohuwa a raye, uwa ko kaka ko uwar miji, ki zauna da ita ki tambaye ta. Wayar da ke hannunki tana ɗaukar murya. Ki tambayi sunayen iyaye da kakanni har inda ta sani, da garin da suka fito, da sana'ar gidan. Ki sa ɗanki ko 'yarki mai zuwa makaranta ya rubuta a littafi, a ajiye tare da takardun gida. Sanin dangi shi ne matakin farko na sada zumunci.

Idan an yi hutun makaranta, ki roƙi maigida a kai yara gida su kwana biyu, su ga kasuwa tana ci, su ga yadda ake yankan shinkafa. Ki tafi da gidan sauro, ki kuma sa ido kada su shiga tafki. 'Yarki ta tsaya kusa da masu gumi ta ga yadda ake yi, ko da likita za ta zama. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Tsofaffin kayan ɗaki, irin su ƙwarya mai zane da akushi da tasa da zanen saƙi, kada a yar da su ko a ba masu gwangwan don an samu na roba. A ware ko guda ɗaya a adana.

Sannan idan za ki sayi shinkafar gida ko bandar kifi, ki tuna akwai wata 'yar'uwarki a bayan wannan kwanon, wadda ta tashi tun asuba ta hura wuta. Ku haɗu ku biyar ko goma a unguwa ku riƙa aikawa ana sayo muku kai tsaye daga hannun mata masu sana'ar. Ku kun samu sauƙi, su kuma jarinsu ya tsaya.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gulma tana nan a bakin fadamarta, ruwa yana cika yana janyewa, mata suna turara shinkafa kamar yadda iyayensu suka yi. Ke ma garinku yana nan yana jiran ki. Allah Ya kare manomanmu daga ambaliya, Ya sa albarka a sana'ar mata, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.